Aljihun Dama da Baba Ya Ɗinke

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗe ta ranar da Baba ya cika, na kuma yi ta faɗinta a kwana bakwai na zaman makoki. Sai dai Allah ya gani, rabin waɗanda na faɗa ba don mutuwar na faɗe su ba, don kada in zagi wani ne a cikin ɗakina.

Takalma sun cika ƙofarmu a hawa na huɗu har bakin lifta. Mutanenmu na nan Amurka sun hallara, na unguwar Morrisania sun zo, na Soundview sun zo. Goggo, ƙanwar Baba, ta hau bas, ta hau jirgin ruwa, ta hau na ƙasa tun daga Park Hill, ta iso tana haki tana kuka. Ban raina zuwan kowa ba, Allah ya ba da lada. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da ake faɗa bayan an shafa fatiha. Mace za ta kama hannuna ta ce, "Sai haƙuri, mutumin kirki ne," ta juya ko kicin ba ta kai ba ta rage murya ta ce wa ta kusa da ita, "Ai dama tun shigowar sanyi tsohon ya ruɗe." Waccan ta ce, "Kin ga ɓarin da ya shanye kuwa? Na dama fa. Ishara ce." Duk ina jin su. Bangon gidajen nan kwali ne, ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu.

Alhaji mai shagon turare kuwa, mutumin Damagaram, wanda aka sani da amincin Baba shekara da shekaru, ya zo ya baje riga a tsakiyar falo yana cewa shi ya fi kowa sanin mamacin. Ko shayinsa bai huce ba ya jawo hannun ɗana ya raɗa masa, wai ko za a samu tikitin wasan ƙwallon da yake bugawa guda huɗu. A ranar uku! Na ajiye tiren da ke hannuna na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji abin da ke fita daga bakina.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ni ba marubuciya ba ce, aikina kula da tsofaffin mutane a gidajensu, in yi musu wanka in ba su magani. Na san ruɗewar tsufa fiye da duk waɗannan matan, da hannuna nake wanke ta kullum. Baba bai ruɗe ba. Wata ukun ƙarshe na rayuwarsa su ne waɗanda ya fi zama cikin hankalinsa, kuma ba zan bari a binne wannan tare da shi ba.

Tela ne tun daga zangon Kumasi. Bayan rasuwar mahaifiyata na kawo shi nan, ya kafa kekensa a kusurwar falo kusa da taga, wurin da yanzu na kasa sharewa. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, har masallaci yake zuwa da shi a ƙarƙashin riga. In baƙo ya zo, Baba na gaishe shi yana juya bakin rigarsa yana duba ɗinkin, in bai yi masa ba sai ya ce, "Wa ya yi maka wannan mugunta?" Duk wanda ya rasu a cikinmu shi yake yanka masa likkafani kyauta, ko da kuwa ba sa ga maciji da mamacin. Maganarsa ta kullum ita ce, "Ɗinkin da ya karkace ba guga yake so ba, farke shi ake yi." Ya taɓa farke rigar ango da safiyar ɗaurin aure, ango na tsaye da singileti yana roƙo.

Ba zan wanke shi tas ba don ya mutu. Baba mai zafi ne, mai taurin kai ne, hannunsa ya fi bakinsa sauri. Wanda ya fi kowa ɗanɗana wannan shi ne ɗana na fari. Sunan Baba aka sa masa, don haka ba na kiran sunan, ga kunyar ɗan fari ga nauyin sunan uba. "Yaron nan" nake cewa. Baba kuma Takwara yake ce masa. Babansa na kan tasi daga safe zuwa safe, ni ina gidajen mutane, saboda haka a gindin keken ɗinki yaron ya tashi.

Bahago aka haife shi. Tun yana rarrafe da hagu yake kai wa komai cafka. Baba ya ce ba a gidansa ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aka fara da cokalin ƙarfe a bayan hannu, ƙwas, duk sanda ya miƙa hagun. Bai daina ba. Da ya kai shekara huɗu sai Baba ya yanko ƙyallen atamfa ya riƙa ɗaure masa hannun a ƙugu, ba lokacin cin abinci kaɗai ba, har lokacin rubutu da wasa. Yaro ba ya tsayawa a ɗaure shi, sai an riƙe. Ni nake riƙewa. Malamar makarantarsu ta aiko da takarda tana tambaya, Goggo ta ce a rabu da ita, su ba su san tarbiyya ba. Kafin ya cika shekara bakwai ya zama na dama sak, kowa na yaba mana.

Ya yi tsawo har yana sunkuyawa a ƙofar lifta, ya kamu da son ƙwallon kwando a filin da ke bayan gininmu. Baba bai taɓa ɗaukar abin da daraja ba. Yakan ce, "Kwandon da ba shi da gindi, me za a tara a ciki?" Da ƙwallon nan yaron ya yi jami'a, da ita kuma wata babbar ƙungiya ta ƙwararru ta ɗauke shi a cikin sabbin 'yan wasanta. Wayyo, ku zo ku ga walima! Raguna biyu, tukwanen wake da shinkafa, mata na ta guɗa har 'yan sanda suka leƙo. Alhaji ya manna hotonsa a jikin gilashin shago tsakanin turaren wuta da katin waya. Waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwarsa ba duk suka koma cewa "ɗanmu".

A watan Nuwamba aka tura shi ƙaramar ƙungiya. Kowace babba tana da ƙaramarta, inda take aika sabbin shiga su ƙara nuna, in sun yi a dawo da su, in ba su yi ba a ƙarshen shekara a sallame su. Tasu tana wani gari da ke tafiyar awa guda a jirgin ƙasa. Mutanenmu ba su tsaya jin wannan bayanin ba, abin da suka ji kawai shi ne an kore shi. Sai ga su sun jero suna yi mini jaje, kamar wadda gobara ta cinye wa ɗaki. Goggo ta kawo rubutun sha a gorar lemo ta ce baki ne ya kama shi. Alhaji ya ɓanɓare hoton, wai rana na ɓata shi. Rana a watan Nuwamba a garin nan!

Ran wata Lahadi yaron ya zo gida da jakar wankinsa. Na yi tuwon zafi da miyar ayoyo, abin da ya fi so, amma sai juya loma yake yi. Shi yana jin Hausa tsaf, da Turanci dai yake amsawa, irin na 'ya'yan nan. Ya ce kocinsu ya ce hannu ɗaya gare shi. A jami'a tsawonsa da gudunsa sun rufa masa asiri, amma ƙwararru sun zauna sun kalli bidiyonsa, sun gane. Sai su tare masa dama su tura shi hagu, ƙwallo ta kuɓuce masa kamar sabulu. Ya ce ranar Alhamis gorar ruwa ta faɗo daga kan benci ya cafe ta ba tare da ya yi tunani ba, sai kocin ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Da wane hannu aka haife ka?"

Ya ɗago ya dube ni. "Mama, da wane hannu aka haife ni? Ina tuna wani ƙyalle shuɗi mai tsuntsaye."

Na ce, "Ci abincinka yana hucewa." Abin da na ce ke nan, ni uwarsa.

Baba ya tsame hannu daga kwano ya wanke, ya goge a hankali. Ya ce, "Bahago ne kai. Ni na ɗaure shi. Na tanƙwara har na karya, ban sani ba. Takwara, ka yafe mini." Bai ambace ni ba, ko kallona bai yi ba.

Yaron ya tashi ya ɗauki jakarsa ta baya ya fita, ya bar ƙofa a buɗe. Na miƙe zan bi shi da masifa, dattijo ya sauke kai ya nemi gafararka ka juya masa ƙeya? Baba ya daka mini tsawa. "Zauna! Haƙƙinsa ne, in ya ga dama ya bayar, in ya ga dama ya riƙe. Ni dai ba na so in shiga ƙasa da hannun yaro a wuyana." Tun daga ranar abin da ya sa a gaba ke nan. Shekarunsa sun kusa tamanin, ga hawan jini, ya san ba shi da lokacin ɓatawa.

Jakar wankin na nan a bakin ƙofa. Da na wanke na goge, Baba ya ce in miƙo masa. Ya zauna a keke ya ɗinke aljihun dama na kowane wando da kowace jaket, ɗinki siriri wanda ido ba ya gani, ya ninke ya mayar. Baban yaron ya kai masa kayan. Washegari waya ta yi ƙara, yaro na ihu, wai ya tsaya a bakin ƙofar jirgi yana laluben aljihu kamar mahaukaci. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Saurara. Maɓalli, waya, katin jirgi, buɗe ƙofa, goge haƙori, duk da hagu. Ci da sha da gaisuwa da dama, wannan ba nawa ba ne, na Ma'aiki ne, ba ni da ikon taɓa shi. Sauran kuwa ni na ƙara, ni zan farke." Yaron ya kashe wayar. Amma bai farke aljihunan ba.

Daga nan Baba ya fara hawa jirgi. Mutumin da ko zuwa asibiti sai na yi masa rakiya, shi ne ya koyi tasha da layi da lokaci, ya rubuta su da ajami a bayan kwalin zare. Wasannin ƙaramar ƙungiya da yawa da rana ake yi, wani lokaci a kwaso 'yan makaranta a bas don kujeru su cika, wani lokaci ba kowa sai iyayen 'yan wasa da mai sayar da gugguru. Baba zai sa suwaita biyu, ya ɗora babbar riga, ya ɗora kwat, ya rungumi filas ɗin shayinsa ya tafi. Bai san dokar wasan ba ko ɗaya. Ya sha tafa wa abokan hamayya. Bai san wa ya ci ba sai an gaya masa. Hannun hagu na mutum ɗaya kawai yake kallo.

Makonnin farko abin ba kyan gani. Kocin ya hana yaron bin dama gaba ɗaya, ya ce ko za a ci su, a ci su. Baba zai dawo da magariba, hancinsa na zuba, ya zauna ina cire masa takalmi ya ce, "Yau ma ya zubar. Hannun kamar na aro." An sha zaunar da shi a benci. Yaron da ya saba shiga jirgin sama da manya ya koma bas, tare da magidanta masu 'ya'ya waɗanda suka shekara biyar a wurin suna jiran kiran da bai zo ba. Sau biyu ya gaya wa babansa zai ajiye ƙwallon ya nemi aiki.

Baba ya kai masa gwangwanin biskit cike da maɓallai, da allura da zare. Ya ce kullum bayan sallar asuba ya zura zare da hagu ya ɗinka maɓalli goma, wai yatsun da suka iya allura ba abin da zai gagare su. Na yi dariya na ce, "Baba, ƙato kamar wannan?" Ya ce in rufe masa baki. Bayan sati biyu na ga tsohuwar riga a cikin kayan wanki, an jera mata maɓallai a baya, a karkace, wasu da ɗigon jini. Na kai wa Baba. Ya juya ta ya duba ɗinkin ya ce, "Wa ya yi mata wannan mugunta?" Amma bai farke ko ɗaya ba. Duk sati rigar na dawowa, layukan na ƙara miƙewa.

Rikicin masallaci a watan Disamba ya faru. Yaron ya zo Juma'a, da aka fito ya ɗauko sandar Baba ya miƙa masa da hagu. Alhaji na tsaye ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Kai, ɗan Amurka! Da hagu kake miƙa wa kakanka abu?" Baba ya karɓi sandar ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Takwara. Ni na sa shi." Alhaji ya ce, "Haba Malam, saboda ƙwallo za ka rushe tarbiyyar da ka gina?" Baba ya ce, "Wa ya halicci hagun, kai? Ka kawo mini ayar da ta ce a ɗaure ta da atamfa. Ka je ka mayar da hoton da rana ta ɓata, sannan ka zo mu yi maganar tarbiyya." Ba su ƙara magana ba har Baba ya koma ga Allah. Daga ranar aka fara cewa tsoho ya ruɗe. Mutanen da ya yanka wa iyayensu likkafani, ba wanda ya taka ya zo ya tambaye shi dalili.

Duk wasan da aka tashi, Baba zai jira a bakin ƙofar 'yan wasa. Kocin ya gane shi har ya sa ana ajiye masa kujera a layi na uku. In yaron ya fito sai Baba ya ce, "Takwara, maganar nan fa?" Shi kuma ya ce, "Ba yanzu ba, Kaka." Ya raka shi tasha, ya riƙe masa filas, ya sa shi a jirgi, amma kalmar nan ya hana. Na yi fushi da yaron har na daina ɗaukar wayarsa. Na yi fushi da Baba, na ce sanyi zai kashe shi a kan ɗan da ba shi da kunya. Ya ce, "Ke kin taɓa zuwa?" Na ce ina da aiki. Ya dube ni, kallon da ya fi mari ciwo.

Cikin watan Janairu wata Lahadi Baba ya shigo bai ko yi sallama ba. Ya ce, "'Yar nan, hannun bai mutu ba, barci yake yi!" Wai wani ƙato ya tare wa yaron dama kamar kullum yana murmushi, sai yaron ya bi ta hagu ya wuce shi ya zura. Aka sake, ya sake. Na ukun Baba ya miƙe tsaye, filas ya gangara har cikin fili, alƙalin wasa ya busa aka tsaya aka ɗauko masa. Yana ba ni labari yana dariya har da tari. Daga wannan makon masu tsaron yaron suka rasa ɓangaren da za su tare. Na ce to yau ya faɗa? Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ba yanzu ba."

Ƙarshen watan ya faɗi a tashar jirgi yana dawowa, da la'asar sakaliya. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Kafin in isa asibiti labarin ishara ya riga ni zagaya gari. Allah ya isa! Mai hawan jini ɗan shekara kusan tamanin ya faɗi, ku ce ishara? Tsofaffi nawa na yi jinya da wannan ciwon, su wace hagu suka taɓa?

Ga taurin kan Baba kuma. Hagu kaɗai ta rage masa, ya ƙi ci da ita. Nas ta sa masa cokali a hannu ya sake shi ya faɗi. Ta ce za ta ba shi a baki, ya datse haƙora. Ni na gwada, ya juya fuska bango. Kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan da ake ƙara masa. Likita na maganar sa masa roba ta hanci. Na san ba abincin yake ƙi ba, jira yake yi.

A cikin makon ne babbar ƙungiya ta kira yaron ya dawo. Ya zo asibiti da hantsi, jakarsa a kafaɗa, mota na jiransa a ƙasa. Na kawo koko a filas ɗin nan mai lotsattsen gefe. Na miƙa masa. Ya zauna a bakin gado, gwiwoyinsa na taɓa ƙarfen, ya zuba kokon a kofi, ya ɗauki cokali da hannun dama ya yi bisimilla. Baba ya kafa wa hannun ido. Sai yaron ya sa hagunsa ya kama hagun Baba ya riƙe. Ya buɗe baki da Hausa, da wannan karyayyen harshen nasa da ban ji ba tun yana ƙarami, ya ce, "Kaka, na yafe. Duka. Sha." Baba ya sha. Ya shanye kofin tas, hawaye na bin ɓarin fuskar da ke motsi. Bayan kwana biyu ya cika, ran Juma'a da safe.

Baban yaron ya gaya mini a wurin jana'iza liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, jama'a suka amsa da ƙarfi, "Mun yafe!" Yaron bai buɗe baki ba, aka kuma samu abin yaɗawa, wai ko a bakin kabari bai yafe wa kakansa ba. Shi ya riga ya bayar da tasa a hannun mai ita, yana da rai yana ji. Ku kuma da kuka ɗaga murya, kun yafe me? Me ya yi muku? Ku ne ya kamata ku durƙusa ku nema, kun makara.

Ya buga wa babbar ƙungiya 'yan mintoci a wasanni uku, ya zura da hagu a gaban dubban mutane, Baba na ƙasa. Masu ta'aziyya suka haɗa mini da barka, hoto ya koma jikin gilashi. Bayan kwana goma aka ce ya sake komawa ƙaramar ya ƙarasa shekarar, haka ake yi wa sabbin shiga, a hau a sauka. Kocin ya ce masa yanzu ba maganar sallama. Jiya na wuce ta gaban shagon turare, rana ta sake ɓata hoton.

Ranar da zai koma yana haɗa kaya a falo da azahar, kusa da keken Baba. Na ɗauko reza na ce ya kawo wandunan in farke masa aljihunan, ai an gama. Ya ce in bar su. Na tsaya da reza a hannu kamar wadda aka dasa. Baba ya ɗauki laifin nan shi kaɗai ya hau jirgi da shi cikin sanyi wata uku, ni na ɓuya a bayansa ina zagin mutane. Duk fushin da na zuba a takardar nan gaskiya ne, ban janye ko ɗaya ba, amma mafi girmansa nawa ne a kaina.

Na kira sunansa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ba. Ya juyo da sauri kamar an harbe shi. Na ce, "Ni nake riƙe hannun."

Ya ce, "Na sani, Mama. Ina tuna awarwaronki, yana da sanyi."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ja zif ɗin jakarsa har ƙarshe. Ya sa hannu a aljihun hagu ya zaro kwalin zaren nan mai rubutun ajamin Baba, ya buɗe tafina ya sa mini. Ya ce, "Lahadi, ƙarfe uku. Layi na uku, kujerar na nan." Ya sumbaci goshina ya fita.

Ɗan nema! Halin kakansa sak, ko zare bai bari ba. Na zauna na yi kuka, na yi masifa ni kaɗai, sannan na ɗauki waya na roƙi abokiyar aikina ta karɓar mini Lahadi.

Ya Allah, ga telanka nan ya zo maka. Ya karkata ɗinki, ya zauna ya farke da hannunsa kafin ka kira shi. Ka yalwata masa kabari, ka ba shi littafinsa a hannun dama, ka haɗa shi da mahaifiyata. Mu da muka rage ka ba mu rabin ƙarfin halinsa.

Ban iya karanta ajami sosai ba, amma na gane sunan tashar. Na riga na wanke filas ɗin.